Baba Iliya da Kwamfutar da Ta So Ta Ɓata wa Hasana Suna

Kafin masu a-daidaita-sahu su cika titi da hon, Baba Iliya ya riga ya iso. Tun daga kwanar layi za a ji tsohuwar Besfarsa tana tari. Ya kashe ta a gindin dalbejiyar da ke ƙofar shagonsa a Gyaɗi-Gyaɗi, ya sauko a hankali saboda gwiwa, ya buɗe ƙofa, ya share, ya yayyafa ruwa. Sai ya leƙa wajen Asabe mai koko ya yi mata ya jiki, ko da lafiyarta ƙalau. Ƙosai a fili yake cinsa. Koko kuwa matarsa Rahila ta hana shi saboda sukari, don haka a bayan ƙyaure ake shan wannan. Rahila, in an karanta miki, wani Iliyan ake nufi.

Daga nan ya wanke hannu ya goge, ya kama ƙarfen taga ya riƙe jim kaɗan kafin ya taɓa cikin kowace kwamfuta. Matan layi sun daɗe suna cewa surkulle ne da ya taho da shi daga garinsu, har wata mai ƙarfin hali ta tambaye shi. Ya ce jikin mutum yana tara wata 'yar wuta, irin wadda ke ɗan tartsatsi in an tuɓe riga mai santsi, ita yake zubarwa a ƙarfe don kada ta ƙona kayan mutane. Ba a ji daɗin amsar ba, ta surkullen ta fi daɗin faɗa.

Daga Kudancin Kaduna ya zo Kano yana saurayi, yana gyaran tafireta a wata ma'aikata. Da tafireta ta fara mutuwa, bai tsaya yi mata makoki ba, ya koma ya koyi cikin kwamfuta da kansa. Yanzu ido ya yi rauni, 'ya'ya sun matsa masa ya koma gida wajen Zonkwa ya huta, ƙarshen watan nan zai rufe shago. Babu mai kiran 'yan jarida, babu mai ba shi lambar yabo. To, mu da muka gani sai mu faɗa.

Shi Baba Iliya ba ya fara gyara da sukundireba, da tambaya yake farawa, kamar malamar asibiti. Me kake yi da ita lokacin da ta faɗi? Da safe ne ko da rana? Ta yi ƙara ko shiru ta yi? Akwai wani malamin makaranta daga Babban Giji da ya ɗauko tasa a kan acaɓa, tana kuka tit-tit, fuskarta baƙi ƙirin, shi ma malamin saura kaɗan ya yi kukan. Baba Iliya ya tambaye shi ta wace hanya suka biyo. Da ya ji, ya ce ramukan titin nan sun isa su girgiɗe haƙorin mutum, balle na inji. Ya buɗe, ya danna wani abu da ya goce da babban yatsa, ya rufe, ta tashi. Bai ƙirƙiro mata wata cuta da ba ta da ita ba. Kai ne wanda ba ka taɓa tsorata mai kaya don ya ga girmanka ba, Baba Iliya, kuma a wannan sana'ar taku irinku ba su cika layi ba.

Amma aikin da ya sa ake wannan rubutu, a shekarar da soja suka koma bariki aka yi shi.

Wanda bai ga wannan lokaci ba ba zai gane ba. An rantsar da farar hula, kowa ya zama ɗan siyasa, har wanda awakinsa ma ba sa jin maganarsa. Abin yayi shi ne kalandar taya murna: hoton wanda ya ci zaɓe ƙato a tsakiya, na magoya baya ƙanana kewaye da shi kamar kaza da 'yan tsakinta. Kowa yana so a ga fuskarsa kusa da mai sabon mulki.

Alhaji Ƙasimu, ɗan kasuwar atamfa ne, ya hango ciniki. Ya buɗe shagon buga takardu a Tarauni, ya sayo kwamfuta guda ta gwanjo, ya ɗauki ma'aikata biyu. Da safe Jonathan, wani tsohon akawu mai tabarau, yana buga wasiƙu da takardun neman aiki. Bayan azahar sai Hasana, 'yar Daurawa, wadda ta koyi zane a kwamfuta, ta zauna ta haɗa kalanda.

A hannun Jonathan kwamfuta lafiya lau, kamar jaririn da ya ƙoshi. Da Hasana ta zauna ta yi nisa da aiki, sai ta sandare, ko fuskarta ta yi shuɗi kamar an tsoma ta a marina, duk abin da aka haɗa ya tafi. Alhaji ya canza maus, wannan abin da ake ja a kan tebur. Ya sayo fanka ya saita mata ita kaɗai, mutane na shan zafi. Ya sa aka yi mata hayaƙin habbatussauda har Jonathan ya wuni yana atishawa. Duk a banza. Jonathan ya zauna, lafiya. Hasana ta zauna, shuɗi.

Ba a san bakin da ya fara ba, amma magana ta fita cewa yarinyar nan farar ƙafa gare ta, duk abin da ta raɓa sai ya lalace. Ta bi gidajen suna, ta bi layin famfo, ta isa kunnen Inna Uwani. Ita kuwa Inna Uwani ita ce uwar Ɗahiru direban bas, wanda aka riga aka sa musu rana da Hasana. Mace ce mai alfahari da albarkar hannunta, don a faɗarta akuyarta ba ta taɓa haihuwar ɗa guda ba. Nan take ta tuna cewa ranar da Ɗahiru ya fara zuwa zance tayarsa ta fashe a hanya. Ta aika gidan su Hasana cewa a ɗan dakata da maganar biki, tana wani nazari. Alhaji shi ma ya ce wa yarinyar ta gama kalandar kansila Isyaku in za ta gamu, daga nan ta huta a gida.

Aiki ana samun wani. Miji ma, kada Ɗahiru ya ji, ana samun wani. Amma irin wannan suna in ya manne wa mace a unguwa, da shi za ta tsufa.

Rannan sai ga Hasana a shagon Baba Iliya. A lokacin ko furfura bai yi ba, amma layi ya riga ya laƙaba masa Baba.

"Baba, sannu da aiki."

"Yauwa 'yata. Ina kwamfutar? Na ga hannunki ba komai."

"Ba ta fita sai da izinin Alhaji. So nake ka je ka duba. In ita ce ba lafiya, in ni ce, gara in sani."

Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ta. Labarin ya riga ya zo masa ta wajen mai koko, kamar kowane labari.

"Me kike yi in za ta faɗi?"

"Kalanda."

"Daga farawa, ko sai an yi nisa?"

"Sai hotuna sun yi yawa."

"Shi Jonathan yana sa hoto a aikinsa?"

"Baba Jonathan? Shi ko nasa hoton ba ya yarda a ɗauka."

Bayan azahar ya je. Ya tsaya a bayanta yana kallo tana jera kawunan magoya bayan Isyaku, har kwamfuta ta yi shuɗinta. Zuciyarsa ta riga ta gaya masa inda ciwon yake. Sukundireba na hannunsa, kayan canji na cikin wani gwangwanin madara a jakarsa, kafin la'asar da ya gama. Sai ya tsaya ya yi tunani. In ya gyara yanzu, shi da Alhaji kawai, me za a ce a layin famfo? Za a ce Iliya ya kama ƙarfe ya yi surkullensa ya danne abin na ɗan lokaci. Inji zai warke, yarinya tana nan da sunanta. Ya mayar da sukundireba aljihu.

"Alhaji, wannan gyaran sai da shaidu. A kira mini Inna Uwani gobe."

"Uwani? Yaushe ta san kwamfuta?"

"An ce hannunta akwai albarka. Shi nake so ta ara mini."

Wa zai gaya wa Inna Uwani haka ta ƙi zuwa? Da hantsi ta iso cikin leshinta na zuwa biki, da ƙawaye a bayanta, har Asabe ta bar wa maƙwabciya tukunyar koko ta biyo su. Mutane suka cika ƙofar shago. Baba Iliya ya ce Hasana ta fita, ta tsallaka titi ta tsaya a rumfar mai faci.

"Ta ƙara matsawa," in ji Uwani. "Har yanzu ina hango ƙafafunta."

Hasana ta matsa, kanta a ƙasa.

Aka zaunar da Uwani a kujera. Ta kama maus kamar mai kamun ɗan tsako, sai da Jonathan ya nuna mata cewa ba ɗaga shi ake yi sama ba. Baba Iliya yana saita hoto, ita tana dannawa, fuska tana fitowa a kalanda. Abu ya yi mata daɗi.

"Wannan ai bai zaɓi Isyaku ba, a motar abokan hamayya na gan shi. Wannan kuma hular aro ce, ta mijin Asabe ce."

Ana dariya, kawuna suna ƙaruwa, kwamfuta tana aiki abinta. Aka wuce inda ta faɗi jiya, ba ta ko yi gezau ba. Baba Iliya ya ji gumi yana bin bayansa. Irin wannan ciwon ba shi da alƙawari, yau ya zo gobe ya ƙi. Sai a lokacin ya tuna cewa kullum da zafin rana take faɗuwa, shi kuwa ya tara mutane da sanyin hantsi, ga fanka tana hura mata iska. In ba ta faɗi a hannun Uwani ba, to shi da kansa ya tara shaidu ya buga wa yarinyar nan hatimi.

"Alhaji, a kashe fankar nan, ba na jin numfashin injin."

Aka kashe. Aka ci gaba. Hotuna suka ƙare, kalanda ta cika, kwamfuta tana nan garau. Uwani ta saki maus ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta waiga ta dubi ƙawayenta.

"To, kun dai gani da idonku. Ni ban ce komai ba."

Ta ƙofa Baba Iliya yana hango Hasana a rumfar mai faci, ta haɗa hannuwa a ƙirji, ba ta san an gama da ita ba. Ya yi addu'arsa a zuci, ya ɗaga kai, sai idonsa ya faɗa kan bango. Ga hoton Alhaji Ƙasimu, ƙato, cikin babbar riga mai aiki, ya fi duk na kalandar girma.

"Inna, ai ba mu gama ba. Ya za a yi kalanda ta fita babu mai shago?"

Alhaji ya ce a'a, a'a, ba sai an sa shi ba, yana faɗa yana sauko da hoton da kansa. Aka cire shi daga gilashi aka ɗora a injin ɗaukar hoto, Baba Iliya ya sa a ɗauke shi da dukan girmansa, kowane zaren aikin riga ya fito. Ya saita.

"Bismilla, Inna."

Uwani ta danna. Hular Alhaji ta fara fitowa, sai goshi, sai gira. Daga nan fuskar kwamfuta ta yi shuɗi.

Kowa ya juyo ya dubi Uwani. Asabe ce ta fara magana, a hankali, kamar mai ta'aziyya.

"Uwani, a hannunki ta cika."

"Hannuna lafiyarsa ƙalau. Fuskar Alhaji ce ba ta ɗauka ba."

"Hajiya, ki ji tsoron Allah," in ji Alhaji. "Hoton nan tun yana shagon atamfa ciniki kawai yake jawo mini."

Baba Iliya ya bar su suka ɗan taɓa juna, don ya san sai kowa ya ji yadda abin yake a jikinsa. Sannan ya ce babu mai laifi a cikinsu.

"Inna, in za ki shanya gero, daga rumbu kike ɗebowa ki baza a tabarma, ko ba haka ba? Ita ma haka take. Tana da rumbunta na ajiya, tana da tabarmar da take baza aikin da ake yi yanzu. Mu muna ce wa tabarmar ram. To tata tabarmar ta huje a can gefe. Wasiƙar Malam Jonathan ɗan tafin hannu ce, a tsakiya take zama, ba ta kai wa ga hujin. Kalandar Hasana kuwa buhu guda ce, sai an baza har bakin tabarma. Duk wanda ya baza da yawa, nasa zai zube. Yau ke kika baza."

"Nuna mini hujin," in ji Uwani. Ba a banza ta tsufa ba.

Ya kama ƙarfen taga, ya buɗe cikin kwamfutar, ya zaro wasu 'yan sillaye biyu koraye, kowane kamar ƙaramin mataji mai haƙora ruwan zinari. Ya fara goge haƙoran da kilinar fensir, ko datti ne ya hana su kamawa, ya mayar. Aka buɗe kalandar, don ya riga ya adana ta kafin a sa Alhaji. Aka sa Alhaji, ta faɗi. Ya zare guda ya bar guda. Ta yi ta jan jiki kamar mai tsohon ciki, amma ta kai Alhaji har gemu ba ta faɗi ba. Ya musanya su. Ko hula ba ta fito ba ta yi shuɗi.

"Me ya sa ba za ka watsar da su duka ka huta ba?" in ji Uwani.

"Inna, in 'ya'yanki biyu ne ɗaya ya shanye miki fura, duka za ki kora?"

"Duka zan zane, sannan in yi bincike."

"To ni da binciken nake farawa."

Ya ɗauko wani lafiyayye daga gwangwanin madara ya sa a gurbin mai hujin, ya rufe. Ya fita da kansa ya tsallaka titi ya kira Hasana. Ta zauna ta kama maus. Fanka a kashe, rana ta take, shago cike da numfashin mutane. Ta jera kawunan nan kaf, ta sa Alhaji, ta ƙara masa fure a gefe, ta aika wa firinta. Takarda ta fito da ɗuminta, Jonathan ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

Uwani ta daɗe tana kallon takardar. Sai ta kwance haɓar zaninta, ta zaro wani ɗan hoton fasfo da ya sha ninki.

"'Yata, ga wuri can kusa da kafaɗar Isyaku. Ki sa ni. In da hali ki ɗan rage mini kumatun nan."

Hasana ta karɓa da hannu biyu. Kumatu kuwa sun ragu.

Da za a watse Uwani ta miƙa wa Baba Iliya hannu, ta ce ya ba ta mai hujin. Ya ce ba shi da wani amfani. Ta ce ita ta san amfaninsa. Ta ƙulle shi a haɓar zani, kuma duk gidan suna da gidan biki da maganar farko ta shiga, daga Tarauni har Daurawa, sai da ta shiga ta kwance ta nuna. "Kun ga mai farar ƙafar nan. Ni na kama shi da hannuna." A nata labarin Iliya sukundireba kawai ya riƙe mata. Bai taɓa gyara mata zancen ba.

An yi biki a ranar da aka sa. Baba Iliya da Rahila suna sahun gaba, an cika musu kwano da alkaki. A hanyar komawa ne Rahila ta tambaye shi, da hoton Alhaji ma bai kayar da kwamfutar ba fa? Ya ce da sai ya aika a tattaro hotunan mutanen Tarauni gida-gida, ba mai fita daga shagon nan sai ta faɗi.

Kai ne, Baba Iliya, wanda aka kira ka gyaran inji ka ga akwai mutum a bayansa. Kai ne ka iya gamawa kafin la'asar ka tafi abinka, amma ka zaɓi ka tsaya gaban jama'a kana gumi, sunanka a kan faifai, saboda 'yar da ba taka ba, ba ta cocinku ba, ba ta garinku ba. Mai haƙurin canza abu ɗaya-ɗaya, mun gode. Allah ya huta gajiya, ya ƙara wa idon nan haske, ya kai ku gida lafiya kai da Rahila.

Ku kuma masu gyara na yanzu, da kwamfutocinku marasa kauri kamar faranti, ku riƙa tambaya kafin ku kwance, kuma ku dubi fuskar wanda ya kawo kayan. Mu ma na layin famfo akwai namu a ciki: in abu ya lalace a hannun mutum, a bari a buɗe abin tukuna.

Hasana yanzu tana da nata shagon a Daurawa, da ma'aikatanta, 'ya'yanta da Ɗahiru suna kiran Baba Iliya Kaka. Da aka gaya mata ana wannan rubutu, aka tambaye ta me za a sa da sunanta, ta ce a rubuta wannan kawai: "Ranar da kowa yake kallon ƙafata, shi kaɗai ya tambaye ni me nake yi da hannuna."